Ƙara ɗaki mai bayi a ciki ko gyara tsohon bayi: matakan da magidanci zai bi kafin ya taɓa kuɗinsa

Tun da damina ta ɗauke tambaya guda ke ta zuwa mini daga magidanta, kuma kusan kullum da siga ɗaya take zuwa. Mutum ya tara ɗan abin da ya tara, gida ya yi wa iyali kaɗan, bayin da ake da shi kuma ya tsufa, to shin ya fitar da sabon ɗaki mai bayi a ciki ne, ko kuwa ya fasa tsohon bayin ya sabunta shi? Wani ɗansa ne zai yi aure, wani mahaifiyarsa ce za ta dawo wurinsa da zama, wani kuma layin asuba a ƙofar bayi ne ya ishe shi. Amsar da nake bayarwa ita ce, kafin a duba aljihu a fara duba ruwa: inda yake yoyo a yanzu, da inda ruwan datti zai bi idan an yi sabon gini. Waɗannan abubuwa biyu su ne ke yanke mafi yawan hukuncin, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa. Ga matakan a jere, kuma ina roƙon a bi su yadda suka zo.

Mataki na 1: Rubuta ainihin abin da ke damun gidan

Ka ɗauki mako guda kana lura da gidan, sannan ka rubuta damuwar a jimla ɗaya. Idan jimlar ta fito kamar “mu goma sha ɗaya ne kuma bayi ɗaya gare mu”, ko “samari sun girma ba su da wurin kwana”, matsalarka ta ƙarancin wuri ce, kuma komai kyan tayil ɗin da za ka liƙa a tsohon bayi ba zai rage layin ba. Idan kuwa ta fito kamar “bayin yana wari”, “ruwa ba ya wucewa”, ko “Hajiya ba ta iya tsugunawa”, matsalarka ta lalacewa ce, kuma sabon ɗaki zai bar ta a inda take.

A wannan mataki ka zauna da uwargida, domin ita ce ke wuni a gidan, ita ta san lokacin da rariya ke toshewa da bangon da ke jiƙewa bayan an yi wa yara wanka. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya tuna cewa bayi a cikin ɗakin ɗaya ban da ɗayar magana ce ta adalci, wadda gara a daidaita ta da baki tun kafin a sauke bulo a ƙofar gida.

Mataki na 2: Binciki tsohon bayin, ko da ɗaki kake son ginawa

Wannan bincike ba ya cin ko kwabo, kuma a ganina babu wanda ya kamata ya wuce shi. Ka fara daga bayan bangon, wato ɗakin da ya haɗa bango da bayin, ko lungun da ke bayansa. Fenti mai kumbura yana ɓarewa, farin gari kamar kanwa a gindin bango, filasta mai marmashewa idan ka kankare ta da farce, ko gansakuka a waje, duk alamu ne cewa ruwa ya daɗe yana shiga cikin ginin. Daga nan ka shiga ciki da maƙulli ko tsabar kuɗi kana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kama da kyau yana ba da sauti a dunƙule, wanda ya saki kuwa yana amsawa kamar ganga, kuma a ƙarƙashinsa ne ruwa ke kwanciya.

Sai gwaji biyu. Na farko, da daddare ka rufe duk famfunan gidan, ka sa alama a daidai inda ruwa ya tsaya a cikin tanki, ka duba da asuba kafin kowa ya buɗe famfo. Idan ya sauka, akwai inda ruwa ke yoyo, wataƙila bututu ne a cikin bango ko a ƙarƙashin daɓe. Na biyu, ka sheƙa bokiti guda na ruwa a tsakiyar bayin ka tsaya kana kallo. Ruwan da ya nufi rariya kai tsaye ya wuce yana nuna daɓen na da gangara mai kyau, wanda ya taru a kusurwa ko ya nufi ƙofa kuwa yana nuna sai an fasa daɓen, domin gangara ba ta gyaruwa da shafe-shafe. A ƙarshe ka sa a ɗaga murfin cemba, wato ƙaramin ramin da ake duba bututun datti ta cikinsa, da na sokawe a ga iyakar inda suka cika, ka kuma tuna sau nawa ka kira motar kwashe bahaya a shekaru biyun da suka wuce.

Gargaɗi: kada kowa ya zura kai ko ya shiga cikin sokawe ko shadda, kuma kada a kunna ashana ko a sha taba a bakinsu. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum nan take, tana kuma kama wuta.

Idan binciken nan ya nuna danshi a bango, to rabin shawarar ta yanku: gyaran yoyon ya zama dole, ko za a gina ɗaki ko ba za a gina ba. Na ga wannan da idona a gidan wani maƙwabcinmu da ya zuba duk abin da ya tara a sabon ɗakin amarya, ya jingina shi da bangon tsohon bayi mai yoyo, kafin damina ta biyu ta fita fentin sabon ɗakin ya ɓare har kusan tsayin gwiwa, bayan kabad kuma ya yi baƙi da rima. Sai da aka dawo aka fasa bayin da aka ƙi taɓawa tun farko, aka kuma sake filastar sabon ɗakin.

Mataki na 3: Auna filin, sannan ka bi hanyar ruwan datti

Ɗakin kwana da zai ɗauki gado da kabad a kuma sami wurin shimfiɗa sallaya bai kamata ya gaza ƙafa 12 sau 12 ba, bayin cikinsa kuma ƙafa 5 sau 7 ya wadatar da masai da wurin wanka da wurin wanke hannu. Idan aka haɗa da kaurin bango, kana bukatar fili kimanin ƙafa 13 sau 19. Ka kafa turaku huɗu ka zagaye su da igiya a wurin da kake nufi, ka bar igiyar kwana biyu ko uku iyali na zirga-zirga a gefenta. A nan ne za ka gane ko ɗakin zai cinye wurin shanya da wurin girki na tsakar gida, ko zai toshe tagar wani ɗaki, ko zai tare hanyar da ruwan sama ke bi ya fita zuwa kwata. Gidan da aka cinye masa tsakar gida yakan yi zafi da duhu, kuma da bazara ne ake gane girman asarar, lokacin da iyali ke neman inda za su shimfiɗa tabarma da dare.

Yanzu sai ka auna tazarar da ke tsakanin inda sabon masai zai zauna da sokawe. Bututun masai inci 4 ne, kuma yana bukatar gangarar kimanin santimita 2 a kowace mita, ma'ana idan tazarar mita 10 ce dole bakinsa na can ya fi na nan ƙasa da santimita 20. Idan bakin sokawe ya fi haka tudu, ko dai a ɗaga daɓen sabon bayin, ko a haƙa sabon sokawe, kuma kowanne kuɗi ne da ba ka sa a lissafi ba. Bututu mai tsawo da kwana-kwana kuma yana bukatar cemba a kowace kwana domin a sami inda za a zura sanda idan ya toshe.

Gargaɗi: sabon sokawe ba ya kusantar rijiya ko burtsatse, taka ce ko ta maƙwabci. Tazarar da ake so ita ce mita 30, kuma kada ta gaza 15 ko ta halin ƙaƙa. Fili mai ƙafa 50 sau 50 faɗinsa gaba ɗaya kusan mita 15 ne, saboda haka mai irin wannan fili da rijiya a ciki ya yi tunani sosai kafin ya ƙara rami na biyu.

Tun a wannan mataki ka tsayar da inda masai zai fuskanta, yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba. Da igiya da turaku juya shi abu ne mai sauƙi, amma bayan an binne bututu sai an fasa daɓe.

Mataki na 4: Tabbatar da haƙƙinka a kan gidan da izinin hukuma

Mai zaman haya ba ya ƙara ɗaki, kuma ko gyaran bayi zai yi ya samu amincewar mai gida a rubuce, tare da bayanin ko za a cire kuɗin daga haya. Gidan gado da ba a raba ba ya fi wannan haɗari, domin ɗakin da ka gina da guminka yana zaune ne a kan ƙasar da kowane magaji ke da rabo a cikinta. Ka tara magada, a rubuta wanda ya yi ginin da abin da ya kashe, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya sani.

Ƙarin ɗaki sabon gini ne a idon hukuma, saboda haka yana bukatar zane da izini daga hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, da takwarorinsu a sauran jihohi. Su ne za su gaya maka tazarar da za ka bari tsakanin ginin da katanga ko titi. Gyaran cikin bayi wanda bai taɓa bango mai ɗauke da nauyi ba kuma bai canja fasalin gidan daga waje ba galibi ba ya kai ga wannan, kuma wannan ma wani sauƙi ne da ke ɓangaren gyara.

Gargaɗi: idan fili ya ƙare har kana tunanin ɗora ɗakin a sama, kada ka tsaya ga maganar magini cewa fandishon zai ɗauka. Ka kira injiniyan gini mai rajista da COREN, wato hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya tona gefen fandishon ya gani da idonsa. Yawancin gidajen da aka gina a matsayin na ƙasa ba a yi musu ginshiƙan da za su ɗauki bene ba.

Mataki na 5: Yi lissafi da kaya, ba da naira ba

Farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a garuruwa da dama a farkon 2024, saboda haka duk jimillar da wani ya faɗa maka bara ba ta da amfani bana. Abin da ba ya canjawa shi ne yawan kayan, don haka ka rubuta su a takarda ka kai kasuwa a sa musu farashin ranar.

Ga kimanin abin da ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 da bayinsa zai ci idan ya jingina da bangon gidan ta gefe ɗaya. Bulo 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, saboda haka tsakanin fandisho da bango har zuwa rufi za ka bukaci bulo 600 zuwa 700. Siminti mai kilo 50 zai kama buhu 60 zuwa 75 idan aka haɗa kankaren fandisho, ɗora bulo, daɓe, linta, filasta ciki da waje, da liƙa tayil. Sai yashi da tsakuwa, da ƙasar ciko, da rodi na linta, da katakon rufi, da kwano bandir biyu ko abin da ya ɗara kaɗan, da silin, da ƙofa biyu, da taga biyu ko uku, da wayarin, da fenti, sannan duk kayan bayi tun daga bututu har masai. Idan akwai sabon sokawe, a rubuta shi daban.

Gyaran tsohon bayi mai ƙafa 5 sau 7 kuwa, ko da an fasa shi har ƙasa, tayil ɗin ƙasa da na bango bai wuce murabba'in mita 18 zuwa 20 ba, siminti buhu 5 zuwa 8, sai maganin hana ruwa ratsawa, bututu, masai, shawa, famfuna da ƙofa. A siminti kaɗai ka ga bambancin ya kai ninki goma. Abin lura shi ne duk kayan da za ka saya don gyaran bayi za ka saye su a sabon ɗakin ma, domin shi ma bayi gare shi. Ƙarin ɗaki yana nufin kuɗin bayi sukutum, sannan a ɗora kuɗin fandisho da bango da rufi a kai.

Ka nemi lissafi daga mutum uku, kowanne ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. A kan jimillar ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari idan sabon gini ne, kashi 20 kuwa idan gyara ne, domin ba a sanin abin da ke bayan tsohon tayil sai an ɓare shi. Wajen sayen tayil ka duba murabba'in mitar da aka rubuta a jikin katan, ka ƙara kashi 10 saboda yanka da fashewa, kuma ka saye shi gaba ɗaya a rana ɗaya, domin launin da ya zo a wani zubi yakan ɗan bambanta.

Gargaɗi: kada ka karɓi lissafin da aka ba ka a dunƙule da baki, irin “kawo kaza in gama maka komai”. Mafi araha a cikin ukun ma ka duba shi da kyau, domin sau da yawa wani abu ya tsallake, kuma a tsakiyar aiki zai tuna da shi.

Mataki na 6: Yanke shawarar

Ka zaɓi gyaran bayi idan akwai danshi ko yoyo, ko damuwar ta tsoho ce ko mara lafiya da ke bukatar masai na zama da abin riƙewa, ko filin ya yi kaɗan, ko kuma kuɗinka bai kai ya gama ɗaki har fenti ba. Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin da na fi riƙewa. Ɗakin da aka kai linta kuɗi ya ƙare ya zama kango, damina ta jiƙa bulon, tsakar gida ta cika da yashi, iyali kuma suna nan da tsohon bayinsu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka zaɓi ƙarin ɗaki idan tsohon bayin ya ci gwajin mataki na biyu, mutanen gidan sun fi ɗakuna yawa, igiyar da ka zagaya ba ta takura kowa ba, bututu na da gangara zuwa sokawe, kuma kuɗin gamawa yana hannu ko yana da ranar zuwa tabbatacciya. Mai niyyar ba da haya ko sayarwa nan gaba shi ma wannan ya fi masa, domin masu neman gida adadin ɗakuna da bayin da ke cikinsu suke fara tambaya.

Akwai hanya ta uku da mutane ba su cika tunawa da ita ba, kuma sau da yawa ita ce amsar. Idan wurin kwana ya wadata, layin bayi ne kawai damuwa, ana iya fitar da ƙaramin bayi shi kaɗai a jikin ɗakin da ake da shi, a huda ƙofa ta ciki a sa mata linta, ko a yanki ƙafa 5 daga babban ɗaki ko sito. Idan sabon bayin ya haɗa bango da tsohon, bututun gajere ne, kuɗin kuma ya fi kusa da na gyara fiye da na sabon ɗaki.

Mataki na 7: Idan gyaran bayi ka zaɓa

Aikin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, don haka ka fara tanadar inda iyali za su kewaya a tsawon kwanakin. Daga nan a rufe ruwa da wuta, a cire masai da famfuna, a ɓare tayil da tsohon daɓe har a kai kankare mai ƙarfi. Falamba ne ke shiga na gaba: inci 4 ga masai, inci 2 ga ruwan wanka da na wanke hannu, kowace rariya da lanƙwasarta mai riƙe ruwa wadda ke hana wari dawowa, sannan bututun iska da zai haura saman rufi. Ruwan zafi yana bukatar bututun roba na PPR da ake narka bakinsa da zafi a haɗa, ba farin PVC na ruwan sanyi ba. Mai wayarin ya binne nasa a wannan lokaci.

Gargaɗi: kada a rufe bututu da siminti sai an sake masa ruwa ya kwana an duba kowace mahaɗa da busasshen hannu. Maɓallin hita ya kasance a wajen bayi da layinsa na kansa da wayar ƙasa, kuma kada a sa soket kusa da shawa.

Bayan haka sai filasta da sabon daɓe mai gangarar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa rariya, tare da saukar da daɓen bayin ƙasa da na ɗaki kaɗan don kada ruwa ya fita ta ƙofa. Sai maganin hana ruwa ratsawa, shafi biyu, a duk faɗin ƙasa, ya hau bango aƙalla santimita 30, a wurin shawa kuma ya kai mita 1.8. Idan ya bushe a toshe rariya a tara ruwa a ƙasan na awa 24, a duba bayan bango. Wannan ne matakin da masu aiki suka fi son tsallakewa saboda yana cin kwana, kuma shi ne ainihin abin da ka biya kuɗi dominsa, tunda tayil da abin da ake cike tsakaninsa ba sa hana ruwa wucewa. Sai an ci wannan gwaji za a liƙa tayil, a cike tsakaninsa, a ɗaura masai da famfuna a ƙarshe.

Gargaɗi: kada a ɗora sabon tayil a kan tsoho mai amon ganga, kuma kada a sa tayil mai sheƙi a ƙasa, domin da sabulu ya taɓa shi ya zama santsi. Idan don tsoho ake gyaran, a kafa ƙarfen riƙewa a jikin bulo kusa da masai da wurin wanka, a yi ɗan dakalin zama na alwala, ƙofar kuma ta riƙa buɗewa waje yadda za a iya shiga idan ya faɗi a bayanta.

Mataki na 8: Idan ƙarin ɗaki ka zaɓa

A fara bayan damina ta ɗauke, yadda za a kai ga rufi kafin ruwan farko. Idan kaya da kuɗi suna ƙasa, wata biyu zuwa uku ya isa. Jerin shi ne zane da izini, fitar da layi, haƙa fandisho har a kai ƙasa mai tauri, zuba kankare, ɗora bulon fandisho a cike ramukansa, ciko a daddaɓe shi sosai, sannan falamba ya shimfiɗa bututun masai da na rariya kafin a shimfiɗa leda a zuba daɓe. Mantawa da falamba a wannan gaɓa shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma sakamakonsa fasa sabon daɓe ne. Daga nan sai bango, linta da ta zagaye ginin, rufi, wayarin, silin, filasta, sannan bayin ya bi duk abin da aka faɗa a mataki na bakwai, tayil, fenti.

Wuri biyu ne ke ba da wahala, kuma duka a mahaɗar tsoho da sabo suke. Sabon gini yakan ɗan zauna a shekarun farko alhali tsohon ya riga ya zauna, shi ya sa tsagewa ke fitowa a layin da suka haɗu. Magani shi ne a yi wa sabon fandisho mai zurfin da bai gaza na tsohon ba, a kuma ɗaure bangon biyu da guntayen rodi. Na biyu shi ne inda sabon kwano ya haɗu da tsohon bango ko tsohon rufi, wanda dole a rufe shi da lanƙwasasshen kwano da aka cusa cikin bango, a kuma karkatar da indararo don kada ruwan tsohon rufi ya riƙa zuba a kan mahaɗar. Idan tsohon gidan ginin ƙasa ne, sabon ɗakin ya tsaya da bangonsa huɗu, kada a ɗora masa nauyi a kan bangon ƙasa, kada kuma a jingina bayi da shi.

Gargaɗi: kankare da filasta suna bukatar a riƙa ba su ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Da hunturu iska na busar da su da wuri su tsattsage, saboda haka a ƙara yawan ban ruwan. Kada a yi fenti sai filasta ta bushe sarai.

Mataki na 9: Jinga da biyan kuɗi

Ko wanne ka zaɓa, ka rubuta yarjejeniya da kowane mai sana'a daban: abin da zai yi, kuɗinsa, da ranar gamawa, a gaban shaida. Kayan ka saya da kanka ko ka tafi tare da shi, ka ajiye rasit, siminti kuma a jera shi a kan katako a wuri busasshe, kada a saye fiye da abin da za a yi amfani da shi cikin wata guda. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai ishe shi fara aiki, sauran a biya gaɓa-gaɓa: bayan fandisho, bayan linta, bayan rufi, bayan filasta. Ga falamba da mai tayil, gaɓar biya ita ce bayan gwajin bututu da gwajin tara ruwa, ba kafinsu ba. Ka riƙe kashi 10 na kuɗin aiki har sai an yi mako biyu ana amfani da bayin, ka kuma faɗa musu haka tun ranar jinga don kada ya zama rigima daga baya. Kafin a rufe bango da filasta ka ɗauki hoton duk inda bututu da waya suka bi da wayarka, ka ajiye shi tare da takardun gida da katan ɗaya na ragowar tayil, domin ranar da za a nemi huda bangon ko canja tayil ɗin da ya fashe.